Motar lantarki ta shigo gari: wace caja za ka kafa mata a gida?

A ƙarshen damanar bara wani Alhaji ɗan kasuwa a nan Maraɗi, abokin mahaifina ne tun suna samari, ya aiko a kira ni. Da na isa na tarar da shi zaune bisa tabarma a ƙofar gida, ga wata sabuwar mota fara sol a gindin bedi, ƙura ta fara rufe ta. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Ɗana, kai da kullum kake bayani a rediyo, zo ka gane mini wannan al'amari. Na zuba miliyoyi na sayi mota, yau kwana ashirin tana nan kamar jakin da ya ƙi tashi."

Motar ta lantarki ce, daga ƙasar Sin aka yo masa odarta, ta sauka Lome aka ɗauko ta bisa babbar mota har Maraɗi. Ɗansa da ke karatu a Faransa, don ya faranta wa mahaifinsa rai, ya sayo cajar bango mai tsada ya aiko. An kira mai gyaran wuta, ya fasa bango, ya ja waya, ya ɗaure akwatin. Da aka zo soka kan cajar a bakin motar sai abu ya ƙi shiga. A ido iri ɗaya ne, zagaye ɗaya, ramuka bakwai nan, ramuka bakwai can. Na ce masa: "Baba, ai ka ga matsalar: rami ne ya haɗu da rami, babu mai shiga wani." Kafin zuwana yaran gida sun yi ta cajin motar da ƴar wayar da ta zo tare da ita, ta hanyar ralanj da suka jawo daga falo, har ranar da aka ji ƙaurin roba, aka tarar piriz ɗin ya narke ya yi baƙi. Allah ne ya tsare, da gobara ce.

Wannan abu shi ya sa na shiga bincike da tambayar masu sana'ar wuta, kuma abin da na samu shi ne nake son in kawo wa mai karatu yau, domin Alhaji ba shi kaɗai ba ne, kuma waɗanda za su biyo bayansa sun fi yawa.

Me ya jawo hankalin mutane?

Idan ba a manta ba, a watan Mayun 2023 Nijeriya ta janye tallafin man fetur, isansin bakin hanya da mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni suka saba saye cikin kwalabe ya daina araha. A watan Maris na 2025 kuma ƙasar nan ta ga dogayen layukan motoci da babura a gidajen mai, duk da matatar SORAZ da ke aiki a jihar Damagaram tun 2011, wadda ƙarfinta ganga dubu 20 ne a rana. Wanda ya kwana a layin mai dole ya yi tunanin wata hanya.

A waje kuma duniya ta riga ta yi nisa. A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da miliyan 11 daga cikinsu a ƙasar Sin kaɗai. A wannan shekarar ce ƙasar Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu shan mai. Tun da yake kasuwar motocinmu ta dogara ne ga abin da wasu ƙasashe suka ƙera ko suka gama hawa, abin da ya cika can shi ne zai malalo nan. Ga su kuwa sun fara bayyana jefi-jefi a titunan Yamai da manyan garuruwanmu.

Sai dai akwai bambanci babba tsakaninmu da su. A Turai ko a Sin, mai mota yana iya tsayawa a tashar caji ta bakin hanya. A nan, wanda ya sayi irin wannan mota gidansa ne gidan mansa. In cajar gida ba ta yi daidai ba, motar ta zama kayan ado.

Abin da muke kira caja

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, akwatin da ake ɗaurawa a bango, wanda muke kira caja, wasu su ce sharjar, ba shi ne ke juya wuta ba. Kuran ɗin da ke shigowa gidajenmu iri ne mai kai-da-komo, batiri kuwa ba ya ajiye sai wuta mai tafiya hanya ɗaya. Na'urar da ke juya wannan zuwa wancan tana cikin motar kanta, kamfanin da ya ƙera motar ne ya sa ta, kuma tana da iyakar abin da take iya ɗauka. Akwatin bango mai gadi ne: yana gaya wa mota iyakar amper ɗin da za ta ja, yana tabbatar da an soka kai daidai kafin ya saki wuta, yana kuma yankewa idan ya ji wani abu ya karkace.

Daga nan za a gane cewa zaɓen caja amsa ce ga tambayoyi uku: wane irin baki motar take da shi, nawa cikinta yake iya sha, kuma nawa gidanka yake iya bayarwa. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu zai yi asara.

Bakin mota ya danganta da ƙasar da aka ƙera ta dominta

Kamar yadda piriz ɗin Nijeriya mai ƙafa uku ya bambanta da namu mai ƙafa biyu, haka bakin motocin lantarki ya kasu. Na cajin gida iri huɗu ne.

Na farko ana kiransa Type 1. Zagayayye ne, ƙafafu biyar, da ɗan maƙalli a sama. Shi ne na motocin Amurka da Kanada da Japan da Koriya ta Kudu. Wuta mai layi ɗaya kawai yake ɗauka.

Na biyu Type 2, wanda kamfanin Mennekes na Jamus ya fito da shi, Tarayyar Turai kuma ta mayar da shi na kowa da kowa a dokarta ta 2014. Ƙafafu bakwai ne, samansa a daidaice kamar an yanke. Yana ɗaukar layi ɗaya, yana ɗaukar layi uku.

Na uku GB/T, na ƙasar Sin. Shi ne ya yaudari ɗan Alhaji, domin siffarsa ɗaya da Type 2, amma an juya shi: a tsarin Turai ƙafafun suna jikin mota, ramukan a kan caja, a tsarin Sin ramukan ne a jikin mota, ƙafafun a kan caja.

Na huɗu shi ne na Tesla a Amurka, siriri, wanda ake kira NACS, kuma tun 2023 manyan kamfanonin mota da ke sayarwa a can suka amince su koma kansa.

Abin lura a nan shi ne sunan mota ba ya gaya maka bakinta. Tesla da aka ƙera don Amurka tana da NACS, ta Turai tana da Type 2, ta Sin tana da GB/T. Volkswagen ID.4 da aka haɗa a Sin don kasuwar Sin, GB/T gare ta, ko da yake sunan na Jamus ne. BYD da aka sayar a Turai Type 2 ce, wadda aka saya a cikin Sin GB/T ce. Nissan Leaf, wadda ta fara fita a ƙarshen 2010, ko ta Turai ce, tsofaffin Type 1 suke da shi, sai daga samfurin 2018 suka koma Type 2. Motar da aka ɗauko daga Dubai kuwa tana iya zama ko wanne, domin can matattara ce. Don haka kada ka tambayi dillali sunan mota kawai. Ka ce ya buɗe murfin wurin caji, ya ɗauki hoto da salula ya turo maka, ka ƙirga ƙafafu ko ramuka da idonka. Gani ya kori ji.

Za ka kuma ga wasu motocin da baki biyu, ko baki ɗaya mai ƙarin manyan ƙafafu biyu a ƙasa. Babban nan na cajin gaggawa ne na tashoshi, mai suna CCS ko CHAdeMO ko GB/T mai rami tara. Ba ruwan cajar gida da shi. Haka nan a tuna ba kowace mota mai batiri ake sokawa a wuta ba: yawancin Toyota Prius da muka saba gani, injin ne ke cika batirinsu, ba su da bakin caji sam.

Akwai mahaɗi da ake sayarwa, wanda ke haɗa Type 2 da GB/T, ko Type 2 da Type 1. Yana aiki idan mai kyau ne kuma an rubuta a jikinsa yana ɗaukar amper 32. Amma duk inda aka yi haɗi nan ne zafi ke taruwa, nan ne kuma ƙura ke shiga. Mahaɗi na ranar larura ne ko na tafiya. Wanda bai sayi caja ba tukuna, ya sayi mai bakin motarsa kai tsaye.

Nawa cikin motar yake sha?

Lissafin ƙarfin wuta ba wuya gare shi: bolt ake ninkawa da amper. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Amper 10 zai ba da kilowat 2,2. Amper 16 zai ba da kilowat 3,5. Amper 32 zai ba da kilowat 7. Gidan da ke da wuta mai layi uku, wadda masu gyaran wuta ke cewa tirifaz, mai bolt 380, zai iya ba da kilowat 11 a amper 16, ko 22 a amper 32.

Mu ɗauki mota mai batiri na kilowat-awa 60, ana son a ɗaga ta daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin ɗari. Kilowat-awa 36 ke nan. Da ƙaramar wayar piriz mai 2,2 za a yi awa 17 ko fiye. Da 3,5 awa 11. Da 7 awa biyar da rabi zuwa shida. Da 11 awa uku da rabi.

To amma wannan lissafi yana tsayawa ne inda na'urar cikin motar ta tsaya. Tsohuwar Leaf ta farko kilowat 3,3 take sha, na baya 6,6. Yawancin motocin kasuwar Sin kilowat 6,6 ko 7 ne, a layi ɗaya. Motocin Turai na yanzu da yawa 11 ne a layi uku. Renault Zoe ita ce ta yi suna da shan 22. Idan ka ɗaura cajar 22 ga motar da ke shan 3,3, to 3,3 ɗin za ta sha, sauran kuɗinka sun tafi a banza.

Akwai ma wani tarko da ya fi wannan. Cajar kilowat 11 layi uku ce, kowane layi amper 16. Motar da ke shan layi ɗaya, layi ɗayan kawai za ta taɓa, wato kilowat 3,5. Ka ga mai motar Sin da ya biya kuɗin cajar 11 zai samu rabin abin da cajar 7 mai araha za ta ba shi. Lambar da ta fi girma a kwali ba ita ce ta fi sauri ba. Wannan adadi yana rubuce a littafin motar, a nemi wanda zai karanta shi kafin a fitar da kuɗi.

Masu motocin Amurka kuma su yi hattara da ƴar wayar cajin da ke zuwa cikin but. Da yawa daga cikinsu na bolt 120 ne kawai, na Japan ma akwai na bolt 100. Motar kanta tana karɓar 220 ɗinmu ba matsala, amma akwatin da ke jikin wayar zai ƙone idan ba a rubuta masa 240 ba. A juya bayansa a karanta kafin a soka.

Kontar gidanka ce ke da magana ta ƙarshe

Kowane gida da ke da kontar Nigelec yana da iyakar ƙarfin da ya yi rajista, kuma ƙananan gidaje da matsakaita yawanci kilowat 3 ne ko 6. Da zarar an zarce, dijanktar ya faɗi. Yanzu ka ɗauki gida mai kilowat 6 a watan Afirilu da dare: kilim ɗaya ko biyu suna aiki, ga firigo, ga fankoki, ga injin jan ruwa. Ka kawo cajar kilowat 7 ka ɗora a kai. Ita kaɗai ta fi ƙarfin kontar, balle a haɗa da sauran kaya.

Hanya biyu ce. Ko ka je Nigelec ka nemi ƙarin ƙarfi, wanda zai iya kai ga canza kontar da wayar shigowa, ko komawa tirifaz, da ƙarin kuɗin da ake biya kowane wata. Ko kuma ka sayi caja wadda ake iya rage mata amper, daga 32 zuwa 16, 10, 8 har 6, wanda shi ne mafi ƙarancin da mota ke karɓa. A ganina wannan maɓallin ragewa shi ne abu mafi amfani da caja za ta iya samu a ƙasarmu. Wasu cajojin ma suna zuwa da ɗan zobe da ake maƙalawa a wayar kontar, yana auna abin da gida ke sha, caja ta rage da kanta in an kunna kilim, ta ƙara in an kashe.

Kafin ka ce lallai sai babbar caja, ka auna tafiyarka. Irin waɗannan motoci suna shan kilowat-awa 15 zuwa 18 a kilomita 100. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke zagaya gari, gida zuwa kasuwa, kai yara lakwal, komawa gida, da wuya ya wuce kilomita 40 a rana. Kilowat-awa 7 ke nan, abin da caja mai 3,5 za ta mayar cikin awa biyu da ɗan wani abu. Mai irin wannan tafiya ba ya bukatar tirifaz. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram, kilomita kusan 240, ko mai haya da motar, shi ne ke bukatar ya cika batiri cikin dare ɗaya, shi ya dace da 7 ko 11.

Dalili ɗaya da zai sa mai hali ya fifita 7 a kan 3,5 shi ne ɗaukewar wuta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nigelec ke rabawa daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kowa ya tuna halin da aka shiga da aka yanke ta a watan Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. An samu ƙari da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, amma lokacin zafi bukata takan fi abin da ake da shi. In wuta awa huɗu za ta tsaya, caja mai sauri ce za ta ci moriyar awa huɗun.

Waya, ƙasa da kariya

Nan ne wurin da rai ke ciki. Dutsen guga yana jan wuta mai yawa, amma na mintoci ne, yana kamawa yana saki. Mota kuwa tana ja ba hutawa awa shida, awa goma, yawanci da dare mutane na barci. Piriz ɗin ɗaki da siririyar wayarsa ba a yi su don haka ba. Wanda larura ta sa zai yi caji da piriz, ya tsaya a amper 8 ko 10, piriz ɗin ya zama sabo mai ƙarfi, ya riƙa taɓa shi da hannu bayan awa ɗaya. Ralanj kuwa, musamman mai naɗi a kan gare, a bar shi kwata-kwata.

Cajar bango tana bukatar layinta na kanta tun daga allon rarraba wuta, ba a raba shi da komai. Ga amper 16, wayar jan ƙarfe mai kauri murabba'in milimita 2,5 ita ce mafi ƙaranci, 4 ta fi kwanciyar hankali. Ga amper 32, kada a yi ƙasa da 6, in nisa ya yi yawa ko wayar za ta bi rana a sa 10. A kula da wayoyin da ke kasuwa masu alminiyum a ciki an shafa musu jan ƙarfe a sama. A kankare bakin waya da wuƙa, in fari ya bayyana a ajiye ta. Araha ba ta ado.

Layin yana bukatar dijanktar nasa, da kuma na'urar kare rai mai miliamper 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mota ko ta jikin mutum. Ga cajin mota ana son irin da ake kira nau'in B, ko nau'in A idan cajar kanta tana da mai gano zurarar miliamper 6 a cikinta. Wannan yana rubuce a takardar caja ta ƙwarai.

Sai maganar wayar ƙasa, wadda masu gyara ke cewa ter. Gidajenmu da yawa ba su da ita, wasu kuma an ja wayar amma ba a binne komai ba. Cajoji da yawa ba sa sakin wuta in ba su ji ƙasa ba, Renault Zoe ma ta shahara da ƙin caji in ƙasar ba ta yi kyau ba. Rairayinmu busasshe ba ya karɓar wuta da sauƙi, don haka sanda ɗaya gajera ba ta isa. Akan buga dogaye biyu ko uku a haɗa su, a wuri mai laima, sannan a auna da na'ura, kuma a auna da rani, ba da damana ba. Wasu cajoji masu araha suna da maɓallin da ke sa su yi aiki ba tare da ƙasa ba, wasu masu gyara kuma su kunna shi don aiki ya ƙare da wuri. Kada ka yarda. Mota ƙarfe ce, yara kuma suna jingina da ita ba takalmi.

Daga ƙarshe a sa na'urar kare tsawa da mai tsaron hawa da saukar bolt. Lokacin da wuta ta dawo bayan ɗaukewa, da lokacin hadarin damana, su ne lokutan da kaya ke ƙonewa, kuma na'urar cajin cikin mota ba a samun ta a kasuwar kayan gyara ta gari.

Zafi da ƙura

Yawancin cajoji an yi su ne su yi aiki har zafi ya kai digiri 50. A Tawa ko Yamai cikin Afirilu da Mayu inuwa kanta tana kaiwa 45, bangon da rana ke duka kuwa ya wuce haka nesa. Caja ta ƙwarai in ta ji zafi tana rage gudu, marar kyau tana narkewa. A ɗaura ta a inuwa, ƙarƙashin rumfa, a bangon da ba ya kallon yamma. A duba lambar IP a jikinta: IP54 shi ne mafi ƙaranci, IP65 ya fi dacewa da ƙurar hunturu. Kan caja kada a bar shi a ƙasa, a rataye shi a mazauninsa da murfinsa.

Batirin ma ba ya son zafi. Motar da ta wuni a rana, a bar ta ta huce, a yi caji da dare ko da asuba. Wannan ya fi muhimmanci ga tsofaffin Leaf, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya. Batiri irin NMC an fi son a tsayar da shi a kashi 80 a hawan yau da kullum, irin LFP da ke cikin motocin Sin da yawa kuwa yana jure cikawa har ɗari.

A tambayi mai sayarwa abu biyu kuma. Na ɗaya, in wuta ta ɗauke ta dawo, cajar tana ci gaba da kanta ko sai an danna? In sai an danna, za ka farka da safe ka tarar da mota ba caji. Na biyu, tana aiki ba tare da intanet ba? Akwai cajojin da ba sa buɗewa sai da manhajar salula wadda aka yi don wata ƙasa. Mai maɓalli ko mai ɗan kati ta fi mana sauƙi, katin kuma yana hana wani ya sha wutarka in cajar a waje take.

Hasken rana da gurup

Allah ya hore mana rana. Fano na kilowat 1 a ƙasarmu yana ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a wuni idan ana share masa ƙura. Mai tafiyar kilomita 40 a rana, fano na kilowat 2 zai riƙe motarsa, da sharaɗin motar tana gida da rana kuma na'urar juya wutar tana da ƙarfin ɗauka. A nan ma caja mai rage amper ce ke aiki, domin a 6 ko 8 ake saita ta. Cika mota da dare daga batiran gida kuwa tsada ne, kuma yana saurin kashe su. Ƙaramin gurup na shago bai dace ba: wutarsa tana rawa, mota takan ƙi ta, kuma ƙona isansi don a cika motar lantarki ya ɓata lissafin tun daga tushe.

Lissafin aljihu

Mu yi misali. A 2024 gwamnati ta sauke farashin litar isansi zuwa sefa 499. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci kusan jika huɗu. Motar lantarki, in an haɗa da wutar da ke ɓacewa wajen caji, kontar za ta ƙirga kamar kilowat-awa 20. Farashin wuta hawa-hawa ne, gwargwadon yawan shanka gwargwadon tsadarsa, kuma mota za ta ƙara wa gida sama da kilowat-awa 200 a wata, don haka a yi lissafi da hawa na sama. Mu ɗauka sefa 130 ne: sefa 2.600 ke nan. Rarar sefa 1.400 ce a kilomita 100, kusan jika 17 a wata ga mai kilomita 1.200. Idan caja da waya da kayan kariya da ladan aiki suka ci, a misali, jika 400, sai an yi kusan shekara biyu kafin su biya kansu. Riba akwai, ga hutun layin mai da na canjin baƙin mai, amma ba irin ribar da dillalai ke zuzutawa ba ce. Kowa ya ɗauko faktir ɗinsa ya sa nasa farashin.

Ƙarshen labarin Alhaji

Da aka duba takardun motar Alhaji, kilowat 7 take sha a layi ɗaya, kontarsa kuma 6 ce. Cajar da ɗansa ya aiko 11 ce, ko da bakin ya yi daidai da 3,5 kawai za ta ba shi. An sayar da ita ga wani mai motar Turai a Yamai da ragi, aka yo odar mai bakin GB/T wadda ake rage wa amper, aka ja mata sabuwar waya, aka buga sandunan ƙasa uku kusa da magudanar wanka. Yanzu a amper 16 take, bayan sallar isha'i ake sokawa, kafin asuba ta gama. Ranar da na koma gaishe shi ya ce mini: "Ɗana, da na san tambaya uku ce, da ban yi asarar wata guda ba." Na ce: "Baba, ai matambayi ba ya ɓata."

Mai karatu, in kana da niyyar sayen irin wannan mota, ka fara da hoton bakinta, ka nemi adadin da cikinta ke sha, ka duba abin da aka rubuta a kontarka, sannan ka nemi mai gyaran wuta da ya san aikinsa kuma yake da na'urar auna ƙasa. Bayan nan ne za a yi maganar caja. Allah ya tsare mu da gobara da asarar dukiya, amin.